Darasin Da Na Koyar Sau Biyu: Wutar Nukiliya Da Ɗumamar Duniya

Edita ya nemi ko wannenmu da ya dawo daga gwajin koyarwa ya rubuto darasi guda cikin waɗanda ya koyar, domin 'yan'uwanmu na ajin baya su ga yadda a ke yi kafin nasu lokaci ya zo. Abokaina duk sun zaɓi darasin da ya yi musu kyau. Ni kuwa na ga ya fi amfani in kawo wanda ya watse a hannuna gaban yara hamsin da malamin da ya zo duba ni, da kuma yadda na sake shi bayan mako biyu. Darasin a kan wutar nukiliya ne, watau lantarkin da a ke samu ta fasa ƙwayar zarra, da abin da ya haɗa ta da ɗumamar duniya.

An tura ni wata babbar sakandare ce a gefen Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. A wannan gari ba sai malami ya yi dogon bayani a kan ambaliya ba. A 2012 ruwa ya ci unguwanni, a 2022 ya sake dawowa har ya datse hanyar Abuja, motoci suka yi kwana da kwanaki a layi. Cikin yaran ajina akwai waɗanda suka kwana a ɗakunan makaranta a wannan shekara. Ban da haka, Geregu, kusa da Ajakuta, ba nisa da mu, tana cikin wurare biyu da hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya ta ambata za a iya gina tasha, ɗayan kuwa Itu ne a Jihar Akwa Ibom. Har yau ba a aza tubali ko ɗaya ba, amma zancen ya daɗe da shiga kasuwa. Na ce a raina, ai wannan darasi ya shirya kansa.

Ga abin da na shirya, kuma har yanzu ban ga kuskure a cikinsa ba.

Da fari na nuna musu dalilin ɗumamar duniya. Duk sa'ad da aka ƙone kwal, ko mai, ko gas, sai iskar kabon ta fita ta haɗu da sararin sama. Wannan iska tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare wani kashi na zafin da ƙasa ke mayarwa, kamar yadda bargo ba ya kawo zafi, sai dai ya hana naka fita. Kafin zamanin masana'antu, cikin ko wane kashi miliyan na iska, kashi 280 ne kabon. Yanzu ya wuce 420. Iska mai ɗumi kuwa ta fi mai sanyi ɗaukar laima, sabo da haka in ta tashi zubarwa sai ta zubar da yawa a lokaci guda. Na gaya musu kada su ɗora wa ɗumamar duniya laifin ambaliyar Lakwaja duka, gama akwai ruwan da a ke saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru, akwai kuma gidajen da muka gina a hanyar kogi. Amma tana da hannu a ciki.

Sa'an nan na ɗora buta bisa risho, na riƙe 'yar farfela da na yanka daga gwangwanin madara a bakinta. Da ruwa ya tafasa, tururi ya buge ta, ta fara juyawa. Na ce musu, to, kun ga tashar lantarki ke nan. A Egbin ta Ikko gas a ke ƙonawa a tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya injin da ke ba da wuta. Tashar nukiliya ma haka ta ke, murhun kaɗai ya bambanta. Cikin nata murhu ba a ƙona kome. Akwai wani ƙarfe mai nauyi, sunansa yuraniyom. In wata 'yar ƙwaya da a ke kira niyutiron ta bugi cibiyar zarrarsa, sai ta rabe biyu, zafi ya fita, wasu niyutiron biyu ko uku kuma su fito su je su bugi na gaba. Tun da ba ƙuna, ba hayaƙi, ba kabon. Ƙwayar yuraniyom guda da ba ta wuce kan ɗan yatsa ba tana ba da zafin da ya kai na kwal wajen tan ɗaya.

Daga nan na rubuta lissafi a allo. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya auna a 2014, tun daga haƙo ma'adini har zuwa rushe tasha, yawan kabon da ke fita a kan ko wane yunit na lantarki, irin wanda mita ke ƙirgawa. Kwal giram 820, gas giram 490, nukiliya giram 12, watau kusan daidai da injin da iska ke juyawa. Na ƙara da cewa Faransa tana samun wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta ta wannan hanya, kuma a taron yanayi na Dubai a 2023 ƙasashe fiye da ashirin, har da Gana, sun yi alkawarin taimakawa a ninka wutar nukiliya ta duniya sau uku kafin 2050. Nijeriya ta sa hannu a shekarar da ta biyo. Na juyo daga allo ina jin daɗin kaina.

Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, kakana ya ce wannan abin ne Faransawa suka fasa a Sahara, hunturu ya kwaso ƙurarsa ya kawo mana. Ya ce ran da aka kawo shi Geregu, ran nan za mu bar garin."

Abin da na yi shi ne dalilin wannan rubutu. Dariya na yi. Na ce mata wannan zancen tsofaffi ne, bom daban, tasha daban, mu ci gaba. Ta zauna, ba ta ƙara ɗaga ido ba. Wani yaro a gefen taga ya ce, "To Malam, in babu haɗari, don me ba za a gina ta a Abuja ba?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa ba ni da amsa a shirye. Minti goma da suka rage ni kaɗai na yi ta magana, su kuwa sun riga sun yanke shari'a. Malamin da ya zo duba ni bai ce kome ba a gabansu. A ƙasan takardata ya rubuta da jan biro cewa na san abin da na ke koyarwa, amma ban san waɗanda na ke koya wa ba.

Abin ya tsaya mini a rai kwana biyu. Ran Asabar na roƙi yarinyar ta kai ni wurin kakan nata. Dattijo ne mai shekara wajen tamanin, mutumin ƙasar Katsina, fataucin goro ya kawo shi Lakwaja ya zauna. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na yi wa jikarka dariya a kan maganarka, na zo ka gaya mini da bakinka." Ya ce shi yaro ne a lokacin. Abin da ya ke tunawa shi ne, a wani hunturu gab da samun mulkin kai, uwarsa ta riƙa rufe randuna da faifai, ta hana su wasa a waje in hazo ya sauko, domin an ce Nasara sun fasa wani abu a arewa da ke tafiya cikin ƙura.

Na koma na bincika, ashe dattijo bai faɗi ƙarya ba. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya, a fili, ba a ƙarƙashin ƙasa ba. Ta yi haka har sau huɗu kafin ƙarshen Afrilu 1961. Ƙasashen Afirka sun yi ta kuka ba a saurare su ba. Bayan na uku, a Janairu 1961, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko. Watau abin da na kira zancen tsofaffi, shi ne ya sa ƙasarmu, tana da wata uku da 'yanci, ta ɓata da ɗaya daga cikin manyan ƙasashen duniya. Ni da na yi firamare da sakandare a makarantar mishan, na haddace sarakunan Ingila, ba wanda ya taɓa gaya mini wannan.

Ba a nan dattijo ya tsaya ba. Ya tuna mini da Koko, a Jihar Delta ta yanzu, inda a 1988 aka gano dubban ganguna na guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a filin wani talaka. Ya ce, "Yaro, danginmu na Nijar suna zuwa aiki Arlit. Can a ke haƙo ƙarfen nan da ka ke yabo, a da a kan kai wa Faransa ta haskaka, su kuwa mutanen Nijar daga wajenmu su ke sayen wuta." Nan ma gaskiya ya faɗa, gama tun 1971 a ke haƙar yuraniyom a Arlit, Nijar kuwa ta daɗe tana dogara da lantarkin Nijeriya. Ni ma na tuna kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a ƙasarmu ta Filato, waɗanda har yau su ke cin yara da shanu. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Aikin malami shi ne ya nuna wanne ne tsumma, amma ba zai iya ba sai ya fara yarda cewa an yi saran.

Na roƙi Hedimasta ya ba ni darasi biyu a jere, ya ba ni. Wannan karo ban fara da lissafi ba. Na nemi gafarar yarinyar a gaban aji, na ba su labarin Reggan da kaina, sa'an nan na ce ko wa ya faɗi abin da ya ke tsoro ko abin da ya ji a gida. Na rubuta duka a allo, ban tsallake ko ɗaya ba. Muka bi su.

Na farko, ko tasha za ta iya fashewa kamar bom. Na fitar da su fili. Na ce yaro ɗaya ya taɓa biyu, ko wane cikin biyun ya taɓa wasu biyu. Ɗaya, biyu, huɗu, takwas, sha shida, kafin zagaye na shida ba wanda ya rage. Na ce wannan shi ne bom. Muka sake, amma na tsayar da 'yan tare, cikin ko wane biyu da suka fito a kama ɗaya. Sai abin ya zama ɗaya, ɗaya, ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya mutuwa. Wannan shi ne murhun tasha, 'yan taren kuwa sanduna ne masu shanye niyutiron, a tura su ciki wuta ta lafa, a ja su ta tashi. Akwai kuma bambanci na biyu. Yuraniyom iri biyu ne a cakuɗe, mai fashewar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba yadda a ke haƙo shi. Don tasha a kan tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Don bom sai ya kai wajen 90. Man tasha ba ya iya fashewa irin ta bom. Na gaya musu kuma akwai ɗan ƙaramin murhun nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, mutanen Samaru na cin kasuwarsu a gefensa. Wannan ya ba su mamaki fiye da duk abin da na faɗa.

Na biyu, haɗari. A nan na ƙudura ba zan rage kome ba. A Carnobil, cikin Yukiren, ran 26 ga Afrilu 1986, murhu ya tarwatse sabo da mugun gini da gangancin gwaji. Ma'aikata da 'yan kwana-kwana wajen talatin suka mutu cikin 'yan watanni. Abin da ya kashe yawancinsu shi ne radiyeshan, wani irin haske da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kaɗan magani, da yawa guba. Dubban yara suka kamu da ciwon daji na maƙogwaro, domin sun sha madarar shanun da suka ci ciyawar da ƙurar ta sauka a kai, ba wanda ya hana su. Hukumar Tarayyar Sobiyet ta yi shiru, sai da na'urorin wata tasha a Suwidin suka ji ƙurar bayan kwana biyu kafin ta amsa. A Fukushima ta Japan, a Maris 2011, igiyar teku ta kashe injinan sanyaya murhu, aka kwashe mutum fiye da 150,000 daga gidajensu, wahalar kwasar kuwa ta kashe tsofaffi da marasa lafiya fiye da yadda radiyeshan ya yi. Bayan wannan Jamus ta yanke shawarar rufe tashoshinta, ta rufe ukun ƙarshe a Afrilu 2023. Da na gama sai na tambaye su, wa ya taɓa jin iyalin da hayaƙin janareto ya kashe cikin barci? Hannuwa suka tashi da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe mutum wajen miliyan bakwai a shekara. Wannan mutuwa ba ta zuwa rana ɗaya, shi ya sa ba a buga ta a jarida. Ban ce musu ga wanda ya fi ba, na bar su su auna.

Na uku, toka, watau man da ya gama aiki. Ba shi da yawa, amma yana da guba shekaru dubbai, dole a binne shi inda ba zai haɗu da ruwa ko mutum ba. A nan ne na sami misalin da ya fi ko wanne koya mini yadda a ke samun yardar jama'a. A Amurka, a 1987, majalisa ta zauna a Washinton ta zaɓi dutsen Yuka a Jihar Nebada, jihar da ba ta da tashar nukiliya ko ɗaya, ta ce nan za a kai tokar ƙasa duka. Mutanen Nebada suka ƙi. Aka kashe biliyoyin daloli, aka yi ta shari'a, bayan shekara ashirin da 'yan kai gwamnati ta daina ba da kuɗin aikin, ramin na nan wayam. A Finlan kuwa doka ta ba ƙaramar hukuma ikon cewa a'a, in ta ce a'a magana ta ƙare. Aka yi shekaru ana zama da mutane ana amsa tambayoyinsu. A 2000 majalisar gundumar Eurayoki ta jefa ƙuri'a, 20 suka yarda, 7 suka ƙi. A 2004 aka fara haƙa rami cikin dutse, zurfinsa ya wuce mita 400. Waɗanda aka ba ikon ƙi sun yarda, waɗanda aka tilasta wa sun ƙi. Na kuma ambata musu Kazakistan, inda Sobiyet ta fasa bom fiye da 450 a Semipalatinsk, amma a Oktoba 2024 wajen kashi 71 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka yarda a gina tasha, ko da ya ke an yi kukan ba a bar masu hamayya sun sake ba.

Sai na koma kan yaron gefen taga, na ce tambayarsa mai kyau ce, ga amsa. Tasha na bukatar ruwa mai yawa don sanyaya, shi ya sa a ke neman bakin teku ko babban kogi. Kuma gaskiya ne a kan nisanta ta da gari mai cunkoso, domin in wani abu ya faru a iya kwashe mutane. Ma'ana, wanda ke kusa ya ɗauki wani nauyi domin na nesa, sabo da haka yana da hakkin a tambaye shi, a kuma ba shi wuta kafin a ba Abuja. Yaron ya ce to, yanzu na yi magana.

Yara sun tambaye ni nawa ra'ayin, ban ɓoye ba. Ni ina goyon bayanta. Mutum fiye da miliyan ɗari biyu muna raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, alhali tashar da Masar ta fara ginawa a Daba'a a 2022 ita kaɗai za ta ba da 4,800. Wutar rana tana da arha, ya kamata mu cika rufin makarantu da asibitoci da ita tun yau, amma masana'anta irin ta ƙarfe na son wutar da ba ta faɗuwa da magariba. Sai dai ban ce a yi gobe ba. Tashar Daba'a za ta ci wajen dala biliyan 30, yawanci bashi ne daga Rasha. Murhu na uku na Olkiluwoto a Finlan an fara shi a 2005, bai kama aiki sosai ba sai 2023. Babban layin lantarkinmu kuwa ya faɗi sau da yawa cikin 2024, murhu mai megawat 1,200 ba a jingina shi da layin da ke faɗuwa. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, ta Kubag kusa da Keftawun, tun 1984.

Da za mu tashi na ce a ɗaga hannu. Sha tara suka ce a gina, sha huɗu suka ce kada a gina, sauran suka ce sai sun ji inda za a kai tokar da wanda zai duba masu dubawa. Yarinyar tana cikin na ƙarshen. Ran Litinin ta kawo mini goro biyu daga kakanta, da saƙo cewa ra'ayinsa bai sake ba, amma in masu aikin za su zo ƙofar Maigari su zauna a tabarma a yi musu tambaya, zai je, zai kuma zauna a gaba.

Wanda zai koyar da wannan darasi a zango mai zuwa ya nemi izinin Hedimasta kafin ya kunna risho a aji, ya kuma lanƙwasa bakin farfelar gwangwanin, gama tawa ta yanke ni a yatsa. Mako guda kafin ranar ya aiki yara su tambayo tsofaffin gidansu abin da suka sani game da bom ɗin Sahara, su rubuto a takarda. Butar da farfelar suna ɗakin kimiyya na kwaleji, cikin kabad na biyu.